Ranar da Na Cinye Allo Na Rasa Kujera

Duk unguwannin Nima da Maamobi, daga bakin babban kwalbati har inda motocin haya na trotro ke juyawa, ba a haifi mai saurin hannu kamata ba. Shaidu suna nan da ransu. A dami, darar nan tamu da ake buga ƙwaya a allo har kajin unguwa su watse, na yi shekaru ina zaune a kujera mai hannu ta gindin dogon yaro, bayan shagon mai aski. Dokar wurin guda ce: wanda ya kada mai kujera shi ke hawa, saura kowa benci. Ni har na manta yadda benci yake a jiki.

Ga kuma kasuwar waya. Da safe in na gama da koko da ƙosai, sai in shiga waya in sayi zinariyar da ban taɓa gani da ido ba, kafin La'asar na sayar. Sandunan farashi kore da ja suna hawa suna sauka a fuskar waya, zuciyata tana bin su. Ƙa'idata ita ce, abin da na gani na ci, ba na kwana da kaya. Matata tana cewa ita dai har yau kunnenta bai shaida zinariyar nan ba.

Sai ga taubashina, ɗan kawuna, ya dawo daga Kumasi da wani allo mai gumaka, wai sunansa ces. Tun muna yara yake kirana bawansa, ni ma haka. Ya jera gumakan yana nuna mini: ga sarki, ga sarauniya, ga sojoji a gaba, ga soro mai tafiya miƙe, ga doki mai tafiya kamar direban trotro yana kauce wa rami. Ya ce wasan duka a kan sarki yake, in an tsare shi an gama. Na ji da kunne ɗaya, ɗayan yana kan waya. Amma wasan ya kama ni. Kwanaki ina karawa da waya har a layin waakye, shinkafa da waken nan tamu, ina cin sojojinta ina dariya ni kaɗai.

Wata Alhamis bayan Azahar, a gaban jama'a, taubashina ya dubi inda nake zaune.

“Bawana, kujerar nan ta dami ce kaɗai, ko ta kowane allo?”

“Ko allon makaranta ka kawo,” in ji ni. “Jera.”

Na aza waya a cinya, don ranar zinariya tana hawa kamar an koro ta. Muka fara. Ya turo soja, na ci. Ya turo wani, na ci. A dami in aka ba ka ci ka ƙi, laifi ne, hannuna kuwa a dami ya girma. Na ɗauki dokina na buga a allo yadda muka saba, kunnensa ya ɓalle ya faɗa kwata.

“A hankali, ba ganga ba ce,” in ji taubashina.

“Za ka ji kiɗa yau.”

Jama'a suka taru. Babu wanda ya san ces a cikinsu, saboda haka da idon dami suke kallo: wanda tulin abin da ya ci ya fi yawa shi ke gaba. Tulina kuwa ya kai gwiwa. Mai aski ya bar mutum da rabin kai ya fito yana mini kirari. Waya tana ƙara, kore bisa kore. Na dubi sama na ce, Allah, duka yau?

Sai ya turo sarauniyarsa gaban sorona, ya kama haɓa kamar wanda ya yi kuskure. Soron nan shi kaɗai ke gadin layin da sarkina yake, amma wa ke tuna gadi ana rabon sarauniya? Da hannun hagu na sayar da zinariya, da na dama na fito da soro na cinye ta. Na miƙe na taka rawa, babbar riga tana tashi, jama'a suna tafi.

Shi kuwa ya ɗauki soronsa guda da ya rage, ya zura shi har ƙarshen layina, ya ajiye ba ko ƙara.

“Sarkinka ya mutu.”

“Wane sarki? Ga shi tsaye, ko mura ba ya yi.”

“To motsa shi.”

Na kai shi dama, soro yana kallonsa. Hagu ma haka. Gaba kuwa sojojina ne a jere, waɗanda ban taɓa ba tun farko saboda babu abin ci a wajensu. Mai aski ya ce a ƙirga tuli, ai gaskiya a fili take. Wani dattijo da ke raba mana gardama ya ce shi da kunnensa ya ji an faɗi dokar sarki, kuma ya ji wani ya ce ko allon makaranta.

Na tsaya rungume da gumaka cike da hannu biyu. Taubashina ya kakkaɓe kujerar da hularsa, ya zauna, ya miƙe ƙafa, ya nuna mini benci.

“Riƙe su duka, bawana, na bar maka. Ni dama kujera na zo saye.”