Alhaji ya hango ni daga Agadas

Jama'a, yau kuskure ya kawo mana ciniki!

Shafin intanet na shagonmu na dabino yana cikin VM, kwamfutar da ke zaune cikin kwamfutata. Na saita rauta, na'urar da ke raba mana intanet, tana tura masu shiga shafin can. Da safe aka ɗauke wuta. Da ta dawo, rauta ta sake raba lambobin IP, wato adireshin kowace na'ura, ban sani ba!

Sai ga kiran Alhaji, dillalinmu na Agadas: "Ɗana, na buɗe shafinku, na gan ka a sito kana shan shayi!"

Subhanallahi! Ashe kyamarar sito ce ta gaji lambar VM!

Na ce, "Alhaji, yanzu zan gyara."

Ya ce, "Dakata! Matsa gefe. Buhunan dabinon Samnu da ke bayanka, loda min su duka a motar ranar Laraba!"