Ƙullin Kakana Bahago

Jama'a, yau murna kamar ta kashe ni!

Ina shagon tela a unguwar Najma, ina duba abayoyin da na zana don nunin tufafi na mako mai zuwa. Maɓallansu na ƙullin zare ne, irin na rigar kakana, ɗan ƙasar Sin da ya yi aikin masaƙa a Kaduna. Ban taso na same shi ba.

Sai wata tsohuwa 'yar Sin ta kama maɓalli ɗaya tana juyawa.

"'Yata, wa ya koya miki?"

"Mamata, ita kuma babanta ya koya mata."

Ta yi dariya. "A baibai kika ƙulla. Bahago ne, ko?"

Nan take na kira Mama. Wallahi bahago ne!

Tela ya ce a warware. Na ce ko kusa, hannun kakana ne wannan.

Ku fa, wane gado kuke riƙe da shi ba ku sani ba?