Gadar da Na-Kaina Ya Ƙera

Daga bakinsa mai waldan ya samo sunan da ake kiransa da shi. Duk ranar da aka ce ana rabon tallafi a ofishin hukuma, sai ya ture gilashin walda zuwa goshi ya ce, "Ku je, Allah ya ba da sa'a. Ni na kaina zan ci." Tun ana faɗa a bayan idonsa, har ya zamana yara ma Baba Na-Kaina suke ce masa, yana amsawa.

A hannun kawunsa ya koyi sana'ar. Da tsohon inji guda ya buɗe rumfarsa, a cikinta ya yi aure, ya ɗauki nauyin karatun ƙannensa, bai taɓa bin layin neman komai ba. Ra'ayinsa kan hukuma gajere ne: ta kama ɓarawo, ta raba gardama, sauran ta bar wa mutane. Yakan ce duk wanda ya saba miƙa hannu, wata rana hannun zai manta yadda ake riƙe guduma.

Bayan rumfarsa akwai wata babbar kwata da ta raba layinsu da titi. Wata damina ruwa ya tafi da kankaren da ake takawa, kowa ya koma yin dogon zagaye. Dattawan layin suka yi ta zarya ofis, ana ce musu maganar tana kan tebur. Maƙwabcinsa, direban babbar mota, mutum ne mai tsokana, kullum sai ya leƙo rumfar.

"Kai da ba ka jiran kowa, ga kwata nan tana maka gwalo."

Na-Kaina ya shiga aiki. Ya samo gindin wata motar da ta mutu, ya yanka, ya shimfiɗa farantan ƙarfe a kai, ya yi mata mariƙa da bututu, ya shafa shuɗin fenti. Ranar da aka ɗora gadar, mata har guɗa suka yi. Faranti ɗaya na tsakiya bai kai sauran kauri ba. Ya sani, ya kuma ƙudurta zai sauya shi da zarar ya sami mai kyau. Aiki ya yi masa yawa, damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, tsatsa tana cin farantin ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa.

Goggo, wata tela da ke layin, ita ce ta faɗa kwatar. Mijinta ya rasu, da ɗinki take riƙe da gidanta. Ta ɗauko kan keken ɗinkinta za ta kai gyara, tana tsakiyar gadar farantin ya ɓurma. Na-Kaina yana cikin aiki ya ji ihu. Shi ya shiga kwatar ya ciccibo ta, ƙafarta ta dama tana reto, ƙafar da take taka keke da ita.

Da yamma direban ya zo da dattawan layin, ya rage murya.

"Ka ga, gobe ma'aikatan hukuma za su zo bincike. Mun gama magana, za mu ce ba mu san wanda ya kafa gadar ba. Ai laifinsu ne, da sun yi aikinsu wa zai taka ƙarfenka?"

"Da ake yabon gadar, sunan wa ake kira?"

"Haba, Na-Kaina, kana da iyali!"

"Ita ma Goggo tana da su."

Matarsa ta ji komai daga bayan labule. Da suka tafi ta fito, idonta ya yi ja. "Maigida, ban ce ka yi ƙarya ba. Amma ka yi shiru mana, shiru ai ba ƙarya ba ne." Ya sunkuyar da kai, yana murza tabon ƙuna da ke bayan hannunsa.

Washegari ya tari ma'aikatan tun kafin su tambaya, ya ce shi ya ƙera gadar. Suka yanke gadar da injinsa, suka kwashe ƙarafan, suka rufe masa rumfa na wani lokaci. Sabuwar gada kuwa, suka ce maganar tana kan tebur.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne asibitin da aka kai Goggo. Na hukuma ne, benci duk a karye, amma a nan wata likita ta tsaya a kan Goggo har ƙashin ya haɗu. Kullum yana zuwa, ya zauna a gefen gado. Wata rana Goggo ta dube shi.

"Ɗan nan, ban riƙe ka a zuciya ba. Kai kaɗai ka tuna da mu. Sai dai ina ta tunani, ina ma da akwai wanda aikinsa ne ya leƙa ƙarƙashin gadar kafin mu hau."

"Ni ne wannan mutumin, Goggo."

"To, kai kuma wa ke leƙa ka?"



Ƙafar ta warke amma ba ta iya taka keke. Da aka buɗe rumfarsa, abin da ya fara ƙerawa shi ne mariƙin da za ta riƙa juya keken da hannu. Tana ɗinki a hankali yanzu, masu gaggawa sun koma wurin wasu. Shi yake kawo mata ruwa da safe, shi yake kai mata saƙo kasuwa, ta doguwar hanya kamar kowa.

Layin ya rabu a kansa. Wasu na cewa namiji ne, wasu na cewa taurin kansa ya jawo musu asarar gada. Bai daina cewa mutum ya ɗauki kayansa da kansa ba, sai dai ba ya ɗaga murya kamar da. In aiki ya lafa, matarsa takan same shi tsugune a ƙasan rumfa da alli a hannu, yana zana gada mai ƙafafu da yawa. In ya ji takun mutum, sai ya sa tafin takalmi ya goge.