Layin da Yaya Tela Ya Ja

Yayana tela ne, kuma tun ina yarinya ban taɓa ganin bakinsa babu fil ba. Haka yake ciniki da masu kawo ɗinki, fil jere a leɓe, tef a wuya. Shi ya sa da gyambo ya fito masa a gefen harshe ya ce ai tsinin fil ne. Na yi faɗa, matarsa ta yi kuka, shi ko a jikinsa. Sai da wuya ya kumbura, ruwa ya ƙi wucewa, magana ta koma gurnani, sannan ya yarda muka kai shi asibiti.

Likita ba ta ɓoye mana ba, ta ce ciwon daji ne, ya wuce tiyata. "Gashi za mu yi wa ciwon da hasken na'ura. Ba warkewa zai yi ba, amma kumburin zai sauka, ya haɗiyi ruwa, ya yi muku magana." Wallahi iyakar roƙona ke nan, in sake jin muryarsa.

Mun sha jira kafin layi ya zo kansa. Aka auna shi, aka zana masa alamomi da tawada a wuya, inda hasken zai bi. Aka ja mana kunne: kar a wanke, kar a taɓa.

To, sai zufa ta fara cin tawadar. Me bawan Allahn nan zai yi? Ya zauna gaban madubin shago, ya goge ragowar da ƙyalle, ya ɗauko alli da rula ya ja nasa, tsaf kamar zai yanka wuyan riga. Har da nuna min, yana murmushi da rabin baki!

Da muka koma asibiti, ma'aikacin na'urar na gani ya dafe kai. Dole a sake awo, gurbinsa kuma aka ba na bayansa. Tun daga harabar asibiti har gida nake masifa, shi yana share yawu da hankici.

Makonni suka shuɗe kafin a sake kiranmu. Gashin ya sale masa baki, amma kumburin ya sauka. Ranar da ya shanye rabin kofin ruwa ya yafito ni.

"Auta," ya ce, da wata murya kamar ta aro, "nawa layin fa ya fi nasu miƙewa."

Na yi dariya har da hawaye, kuma haushinsa bai bar ni ba. Makonnin da allin nan ya cinye mana sun fi waɗanda muka samu da muryarsa yawa.