Man Goge Baki a Katin Hoto

Wani mai haɗa bidiyo yana ji da katin hoton kwamfutarsa, wato na'urar da ke sarrafa hotuna a cikinta, har matarsa na tsokanarsa wai katin ya fi ta samun fifita. Tun da ya ƙara masa gudu, da zarar zafinsa ya doshi digiri tamanin sai ya dakata, ya kakkaɓe ƙurar fanka. Ƙanin matarsa kaɗai ya yarda ya taɓa katin, don shi ya koya masa gyara.

"Yaya, na shafa masa sabon man sanyaya," in ji ƙanin.

Ranar da katin ya ƙone, ya kwance shi da kansa, sai ƙamshin minti ya buge shi. Man goge baki ne ya bushe a ciki. Nan ya tuna ranar da matarsa ta yi ta cigiyar nasu.