Farantin da Na Sayar a Dapaong

Aikin Baba a Zangon Sokodé shi ne yanka haruffa a jikin kwano. Zai zana su manya, masu kauri, ya bi su da cizal da guduma, yana barin 'yar gada a kowane harafi don kada cikinsa ya faɗi. A ɗora farantin a kan buhu, a dangwala fenti da soso, sunan ɗan kasuwa ya fito baƙi ƙirin. Gadojin Baba a karkace suke, ko wanda bai iya karatu ba yana gane hannunsa daga nesa.

Amma yana da wata ɗabi'a da ke ba ni haushi. Ba ya ba kowa faranti. Sai dai ya je da kansa, ya zura hannu cikin buhun, ya ga abin da ke ciki, sannan ya buga. Ni kuwa gani nake wahalar da kai ce kawai. Mu masu fenti ne ko 'yan duwan masu binciken kaya?

Da na buɗe nawa shago a Dapaong, hannunsa na tafi da shi, ɗabi'ar na bari a gida. Gab da damina wani Alhaji mai takin zamani ya zo, ya ce in yanka masa faranti ya tafi da shi.

"Buhunan suna magaza, can wurin ajiya, Malam, nesa ne. Kada ka wahala."

Na yanka, na miƙa masa, har ina jin daɗin na waye.

Takin nan rabinsa yashi ne. Ya sauka kudu har Kparatao, kusa da Sokodé, inda manoma suka shekara da shekaru suna sayen buhu in sun ga karkatattun gadojin nan, ba tare da sun kwance bakinsa ba. Masara ta fito rawaya, ta tsaya iya gwiwa.

Baba ya kira ni a waya. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

"Kai, ka duba cikin buhun?"

Na ce a'a. Sai kawai ya ce in gai da iyali.

Sai bayan wata biyu ƙanwata ta gaya mini sauran. Tsohon nan, da ciwon gwiwarsa, ya hau bayan babur ya tafi Kparatao. Kwana uku yana bin gida gida yana neman gafara. Wasu sun ba shi tabarma, wasu a tsaye suka bar shi a ƙofa.

Na tambaye ta me ya ce musu a kaina. Har yau kunyar amsarta ba ta sake ni ba.

"Yaya, ai bai ambace ka ba. Cewa ya yi shi ya buga."