Ɗorawar da Ke Jiran Mutuwar Goggo

Goggo, ƙanwar mahaifina, ba ta zubar da komai sai yawu, shi ma ina zargin tana jin ciwonsa. Tana zaune a wani ƙauye bayan Garam, a gidan ƙasa mai ɗaki biyu. Ruwan da ta wanke surfe da shi na awaki ne, dusa ta kaji, tuwon jiya ɗumamen yau, abin da ya kama a gindin tukunya kuma ƙanzo ne na jibi. Akwai kwalin ashana a saman ƙofarta da na san shi tun ina saurayi. Ba ta ƙyasta shi, gidan maƙwabta take zuwa ɗebo wuta a kasko, ta haɗa da gaisuwa don kada tafiyar ta tashi a banza.

Na yi shekaru ina karanta shirin kiwon lafiya a gidan rediyo: a rage gishiri, a rage mai, a ci ganye, a motsa jiki. Goggo tana yin duk wannan, amma ba don ta ji ni ba, domin ba ta sayen batir. Gishiri da mai sayen su ake yi, zogale da rama da tafasa kuwa a bayan ɗaki suke fitowa. Tafiyar ƙasa ma ba a biyan kwandasta. Lafiyarta 'yar rowarta ce ta cikinta.

Abu ɗaya ta mallaka da take kira dukiya: bishiyar ɗorawa a tsakiyar gonar mahaifina. Lokacin da kakanmu ya raba abin da yake da shi, ya ba ɗansa gonar, ya ba 'yarsa ɗorawar. A wajenmu wannan ba abin mamaki ba ne. Ƙasa daban, itace mai 'ya'ya daban. Mutum zai ari gona ko ya gaje ta, ya noma har gindin bishiya, amma ba zai tsinki ko tsinke ɗaya a samanta ba in ba tasa ba ce. Kowa ya san haka, saboda haka ba wanda yake faɗa.

Da bazara ɗorawa take nuna, lokacin da zafi ya kai mutum ya tsani rigarsa, hadari yana haɗuwa ta wajen Dutsen Zuma da yamma yana watsewa. Dole a sauke ta kafin ruwa ya zauna, in ba haka ba garin ya jiƙe ya yi baƙi. Goggo takan fito da doguwar gora mai ƙugiya a kai, ta yi ta fizgo 'ya'yan suna zubowa. Garin, mai launin ƙwaiduwa, a dama a sha. Ƙwayar, wato kalwa, a dafa, a surfa, a wanke a rafi, a sake dafawa, a rufe da ganye a ɗaki har ta yi warin da ke sa baƙo ya tuna yana da wani uzuri a gida. Daddawa ke nan, miyar shekara guda, da rarar da take kaiwa kasuwar Suleja. Ɓawon ma ba ya tsira: makuba ce, ana jiƙa ta a yayyafa ruwan a daɓen ɗaki ya yi ƙarfi kamar siminti. Inuwar ce kaɗai ba ta samu yadda za ta adana ba.

Bayan rasuwar mahaifinmu, ma'aikatan Abuja suka fara gangarowa neman fuloti, saboda haya ta kore su. Yayana ya sayar da gonar ga wani ma'aikacin gwamnati, mutumin kudancin Kaduna, mai fara'a da ɗan tumbi. Yaya bai ce masa komai game da bishiyar ba, domin a ganinsa ba a sayar wa mutum abin da ba naka ba, kuma ai kowa ya sani. Mai saye shi ma bai tambaya ba, domin a ganinsa wanda ya sayi fili ya sayi abin da ke tsaye a kai, kuma ai kowa ya sani. Aka sha hannu, kowa ya tafi gida yana yabon gaskiyar ɗan'uwansa.

Wata ranar Alhamis na dawo daga aiki na tarar da Goggo zaune a ƙofar gidana a Kurmin Sarki, takalmanta a hannu. Ta taka rabin hanya da ƙafa, kuma ta cire su don kada su cinye.

"Mai Labarai," in ji ta, domin haka take kirana, "ka ji labari, ko sai an rubuto maka?"

"Sannu da hanya, Goggo. Shigo ki sha ruwa."

"Na sha a rafi. Mutumin da yayanka ya sayar wa gona ya shafa wa bishiyata jan fenti. Na tambayi masu buga bulo, sun ce ran Asabar mai inji zai zo ya kayar da ita. Wai nan ne falo."

"To me Yaya ya ce?"

"Ya ce a yi haƙuri. Shi ai ya ci nasa, haƙuri ya rage mini. Kai za ka zo ka yi magana. Da baki kake ci, yau dai a ga amfaninsa."

Na yi mata bayani cewa a rediyo ni kaɗai nake magana, ba mai mayar mini da amsa. Ta ce ita ma haka take so a yi ran Asabar.

Da hantsi ranar Asabar muka haɗu a gindin bishiyar. An yi yayyafi kwana biyu kafin nan, ƙasa tana ƙanshi, maƙwabta suna ta shuka masara a gonakin da ba a kai ga sayarwa ba. Yaya ya zo yana kallon ƙasa. Mai fili ya zo da matarsa a mota, sanye da kayan motsa jiki da ba su taɓa ganin gumi ba. Mai inji ya ajiye injinsa, ya tsinci ɗorawa ɗaya a ƙasa yana lasa. Goggo ta ƙwace, ta jefa a kwandonta.

Na gyara murya na fara. Na kawo tarihin rabon kakanmu, na bambanta ƙasa da itace, na yi magana a kan zaizayar ƙasa da amfanin inuwa. Mai fili ya saurare ni da ladabi irin na wanda yake jiran a gama labarai a sa waƙa.

"Malam, na ji," ya ce. "Amma ni fili na saya, safiyo ya auna, bishiya tana ciki. Mama, ki yi haƙuri. Zan ba ki wani abu ki sayi dunƙulen miya na kanti, ki huta da wannan wahala."

"Dunƙule," in ji Goggo, kamar an ambaci sunan wata cuta. "Ɗan nan, wanda ya saba da dunƙule ai ga yadda yake komawa." Ta nuna cikinsa da haɓa.

Yaya ya yi tari. Matar mai fili kuwa ta yi dariya har ta dafa mota. Malamar makaranta ce, ana ce mata Madam. Ta tako ta ɗauki kalwa ɗaya a kwandon tana juyawa.

"Oga, gaskiyar Mama ce fa," ta ce wa mijinta. "Ka manta ɗorawar kakata a ƙauye? Gonar ta wani ce, bishiyar tata. Har ta mutu ba wanda ya taɓa."

"Wancan ƙauye ne. Nan gida zan gina."

"Likita ma ya hana ka dunƙulen da kake yi wa mutane tayi. Ko na faɗi abin da awo ya nuna wancan makon?"

"Madam, ba a nan ba."

Mai inji ya tambaya ko ya tayar, ko ya je ya dawo, domin yana da wani mangwaro a gaba. A nan ne Goggo ta yi abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta jingina gorarta, ta zauna a kan saiwa a hankali tana dafa gwiwa, ta yi wani tari mai zurfi da ban san tana da shi ba. Matar da ta taka rabin hanyar gidana da ƙafa shekaranjiya ta koma kamar tsumma a randa.

"Ɗan nan," ta ce da wata siririyar murya, "dube ni. Kwana nawa ya rage mini? Ka bar mini ita sai bayan raina. Ranar da aka kai ni, ka sa inji, ba mai hana ka. Ko itacen ma ka bayar a dafa abincin zaman makoki, kada a saya."

Na ga mai fili yana kallonta, yana kallon bishiyar. Mutumin kirki ne, amma ma'aikaci ne, ya saba auna tsawon jira. Ya ga ƙashin wuya a waje, ya ga hannu kamar kara. Ginin ma ba lokaci ɗaya zai yi ba, sai yadda albashi ya bari.

"Shi ke nan, Mama," ya ce. "Sai bayan ranki. Allah ya ba ki lafiya."

"Amin," in ji Goggo, ta ƙara tari ɗaya na godiya.

Ba a rubuta komai ba. Ni da Yaya da Madam ne shaidu. Motarsu tana shan kwana Goggo ta miƙe, ta ɗauki gora, ta ce wa Yaya tunda ya zo ya riƙe mata kwando.

Haka aka matsar da falo gefe, aka gina gida a karkace yana kauce wa bishiya kamar mai ba babba hanya. Da aka zagaye da katanga, Madam ta sa birkila ya bar wata 'yar ƙofa ta baya, Goggo ta riƙe mabuɗi. Reshe ɗaya aka sare saboda wayar lantarki, shi ma ta ja shi har gida ta yi girki da shi.

Daga wannan shekarar Goggo ta ɗauki lafiyarta a matsayin aikin gwamnati. Da can rowa ce kawai, yanzu ta zama shari'a. Ta daina cin goro. Ta fara tafasa ruwan sha, abin da na yi shekaru ina faɗa a iska ba ta ji ba. Ta karɓi gidan sauro na kyauta a asibitin ƙauye, kuma maimakon ta rufe tumatir da shi kamar sauran mutane, ta shiga ciki ta kwanta. Ba ta hawa babur. In an yi rasuwa a ƙauye ita ce ta farko wajen gaisuwa, kuma takan biyo ta gaban gidan mai fili a dawowa don a gan ta.

Shi kuma kowace safiya kafin ya kama hanyar Abuja yakan tsaya a ƙofar gidanta.

"Mama, ina kwana? Yaya jiki?"

"Jiki sai godiya. Ka tambaya jiya ma."

"Ai gaisuwa ce, Mama."

"Na sani. Ni ma amsa ce."

Shekaru suka tura. Jemagu suna zuwa shan furen ɗorawa suna yi wa motarsa ado. Ganye yana toshe masa indararo kowace damina. Yaransa, da suka zo suna 'yan firamare, sun girma sun tafi jami'a, kuma na sha jin babban yana cewa da gidan nasa ne da tuni ya kayar da wannan abu ya yi wurin ajiye mota. Mai fili ya yi ritaya, gashinsa ya yi fari, tumbin bai yi ritaya ba. Goggo tana nan yadda take, sai dai haƙori biyu da ta rasa, waɗanda ta ce dama ba ta amfani da su.

A bazarar bara aka kwantar da mai fili a asibiti saboda hawan jini. Na je ƙauye na tarar da Goggo tana ɗaure ƙunshin daddawa, manya, masu kyau, irin waɗanda take kaiwa kasuwa, da dami guda na zogale. Ta ce in kai wa Madam.

"Nawa zan ce mata?" na tambaya.

"Kyauta ne."

Na zauna a kan turmi, domin ban taɓa jin wannan kalma a bakinta ba. Na ce ashe dai zaman tare ya sa ta fara ƙaunar mutumin.

"Mai Labarai, kai dai karanta abin da aka ba ka," ta ce, tana ƙara ɗaure bakin ƙunshin. "Wa ya yi mini alkawari a gindin bishiya? Shi ne ko ɗansa? In ya riga ni, wancan mai son wurin ajiye mota ba zai jira ko sadakar uku ba. Ka gaya wa Madam ta daina sa masa gishiri, kuma in an sallame shi ya riƙa takowa nan da ƙafa kowace safiya yana gaishe ni. Motar nan ce take kashe shi."

An sallame shi. Yanzu da sassafe, kafin rana ta yi zafi, ana ganinsu su biyu a kan hanyar rafi, ita a gaba da kwando, shi a baya yana haki cikin kayan motsa jikin da a ƙarshe suka san gumi. Takan juyo ta ce masa ya ɗaga ƙafa. Ɗorawar bana ta yi 'ya'ya sosai, an sauke ta kafin ruwa ya zauna, kuma shi ya riƙe mata kwandon.